Zaren Gilashi da Makomar Sadarwa a Arewacin Nijeriya: Rami, Mahaɗa da Hannun Ma'aikaci

1.0 Gabatarwa

A ranar Alhamis 14 ga watan Maris na shekarar 2024, cikin kwanakin farko na azumin Ramalana, harkokin sadarwa suka dagule a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma. A Nijeriya manhajojin wasu bankuna suka ƙi buɗuwa, masu sana'ar POS suka yi jugum da na'urorinsu a hannu, mai son tura wa iyalinsa kuɗin cefanen buɗa-baki ya rasa yadda zai yi. Ba a Kano ko Sakkwato matsalar ta auku ba. Manyan kebul huɗu da ke kwance a ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, su ne suka lalace daura da gaɓar ƙasar Kwaddibuwa, kuma an fi kyautata zaton zaftarewar ƙasa a can ƙasan teku ce ta yi ɓarnar. Sai da aka kwashe makonni kafin jiragen ruwa masu gyara su kammala aikinsu.

Wannan lamari ya tuna wa jama'a abin da aka saba mantawa, wato intanet ba a iska yake zaune ba. Tafiyar da saƙo yake yi a iska gajeriya ce, daga wayar hannu zuwa ƙarfen sabis mafi kusa. Daga nan, akasarin tafiyarsa a cikin wani siririn zare na gilashi yake yin ta, wanda ma'aikatan fannin suke kira fayiba, a binne cikin ƙasa ko a shimfiɗe ƙarƙashin teku.

Wata biyu bayan wancan tsinkewa, a watan Mayun 2024, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da shirin shimfiɗa ƙarin kilomita 90,000 na wannan zare, domin a ɗaga tsawon babban layin ƙasar daga kimanin kilomita 35,000 zuwa 125,000, a kan kuɗin da aka ƙiyasta zai kai dala biliyan 2. Shiri ne da ya cancanci yabo. Sai dai ra'ayin wannan maƙala shi ne, yawan kilomita kaɗai ba zai isa ma'aunin nasararsa ba. Gilashin kansa shi ne ɓangare mafi araha kuma mafi ƙarancin matsala a cikin aikin. Abubuwa uku ne za su yanke hukunci: ramin da aka binne shi, mahaɗar da aka jona shi, da hannun da ya yi aikin. Idan aka yi sake da waɗannan, Arewa ce za ta fi kowa kwana ciki, domin ita ce ta fi nisa da teku.

2.0 Siffar Zaren da Yadda Yake Aiki

Daga sinadarin silika ake yin zaren, wato sinadarin da ya fi yawa a cikin yashi, amma a tace matuƙar tacewa. Yana da sassa uku. Akwai zuciya, wadda haske yake bi ta cikinta. Akwai ganuwa, wani gilashin da ya kewaye zuciyar, wanda aka haɗa ta yadda duk hasken da ya bugi iyakar su biyun a karkace zai komo ciki maimakon ya tsere waje. Sannan akwai riga ta roba da ke kare gilashin daga ƙarzuwa da laima. Ana auna kaurinsa da maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Gilashin gaba ɗaya maikiron 125 ne, ya ɗan fi silin gashin kai kauri. Da rigarsa yakan kai 250. Zuciyar zaren da ake amfani da shi a tafiya mai nisa kuwa ba ta wuce kimanin maikiron 9 ba. Akwai wani nau'in mai faffaɗar zuciya, ta maikiron 50 ko 62.5, wanda ake amfani da shi a cikin gine-gine, inda tazarar ba ta wuce 'yan ɗaruruwan mita ba.

A bakin zaren akwai fitilar leza da ke ƙyafta haske sau biliyoyi a daƙiƙa ɗaya, irin hasken da ido ba ya iya gani. A ɗaya bakin kuma akwai na'urar da ke karɓar ƙyaftawar ta mayar da ita rubutu ko murya ko hoto. Haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin gilashi. Ke nan tazarar da ke tsakanin Legas da Kano, wadda ta kai kilomita dubu ɗaya da 'yan kai, a cikin kimanin kashi biyar cikin dubu na daƙiƙa yake cinye ta.

Ba a dare ɗaya aka kai ga wannan matsayi ba. A shekarar 1966 Charles Kao da George Hockham, suna aiki a wani ɗakin bincike a garin Harlow na Ingila, suka nuna cewa dattin da ke cikin gilashi ne yake cinye haske, kuma idan aka tace shi har kashi ɗaya cikin ɗari na hasken ya tsira bayan tafiyar kilomita ɗaya, to zai yi aikin sadarwa. A 1970 masu bincike uku na kamfanin Corning a Amurka, Robert Maurer da Donald Keck da Peter Schultz, suka cim ma wannan mizani. Zaren yau ya wuce nan nesa ba kusa ba, domin sai haske ya yi tafiyar kimanin kilomita 15 kafin rabinsa ya salwanta. A 1988 aka buɗe TAT-8, kebul ɗin gilashi na farko da ya ratsa Tekun Atilantika, mai ɗaukar kiran waya kimanin 40,000 a lokaci guda. A 2009 Kao ya sami kyautar Nobel a fannin fizis.

Akwai wani ci gaba da ya fi shafar batun wannan maƙala. Daga baya an gano yadda za a tura launukan haske masu yawa a cikin zare ɗaya, kowane launi da nasa saƙon, da kuma yadda za a ƙara wa haske ƙarfi a kan hanya ba tare da an mayar da shi lantarki ba. Ma'anar wannan ita ce, zaren da aka binne yau ana iya ninka abin da yake ɗauka bayan shekara goma ta hanyar sauya na'urorin da ke bakinsa biyu kawai, ba tare da an sake haƙa ko taku ɗaya ba. Na'urori suna tsufa a sauya su, amma abin da aka binne shi ne jarin da zai daɗe, idan har an binne shi yadda ya kamata.

3.0 Mahaɗa da Kayan Haɗi

Ba a yin kebul ɗaya miƙaƙƙe daga Legas zuwa Kano. A nannaɗe yake zuwa a kan manyan gangunan katako, kowace ganga ɗauke da kilomita kaɗan. Don haka doguwar hanya tana da ɗaruruwan mahaɗai. A cikin kebul ɗaya kuma akan sami zare 24 ko 48 ko 96 ko fiye, kowanne da launin rigarsa bisa wani jeri na launuka goma sha biyu da ke farawa da shuɗi, domin kada ma'aikaci ya jona wannan da wancan.

A kowace mahaɗa, zare ɗaya bayan ɗaya ake bi. Ma'aikaci zai feɗe rigar, ya goge gilashin da sinadarin tsabtacewa, ya yanke bakinsa daidai wa daida da wata wuƙa ta musamman, sannan ya saka bakunan biyu cikin na'urar walda. Na'urar za ta daidaita zukatan biyu, ta narkar da su da tartsatsin lantarki su zama ɗaya. Walda mai kyau ba ta cin fiye da kimanin kashi biyu cikin ɗari na hasken, sau da yawa ma ƙasa da haka. Bayan nan sai a sa wa wurin kariya, a jera zaren cikin akwatin mahaɗa, a rufe shi ruf yadda ruwan damina ba zai shiga ba.

A inda ake buƙatar cirewa da mayarwa, kamar a ɗakin na'urori, ana amfani da kan jona maimakon walda. Waɗanda suka fi yaɗuwa su ne SC, mai bakin milimita 2.5, da LC, mai bakin milimita 1.25. Mai launin shuɗi bakinsa a miƙe aka goge shi, mai launin kore kuma a karkace da digiri takwas. Idan aka cusa shuɗi cikin kore, haske zai zube, kuma bakunan biyu na iya lalacewa. Datti a bakin kan jona yana daga cikin manyan abubuwan da ke kawo matsala a ko'ina cikin duniya, balle a yankin da hunturu yake kwashe watanni yana ɗauke da ƙura. Ƙwayar ƙura guda tana iya tare wani yanki mai yawa na zuciyar da faɗinta maikiron 9 ne kacal. Haka nan lanƙwasa zare fiye da ƙima yana sa haske ya ƙetare ganuwa ya ɓace. A unguwanni kuma akwai marabar haske, wata 'yar na'ura marar buƙatar lantarki da ke raba zare ɗaya ga gidaje 32 ko 64, kuma duk rabawa biyu tana rage ƙarfin hasken da rabi.

Abin lura a nan shi ne, haske yana da kasafi kamar kuɗi. Kowace walda, kowane kan jona, kowace lanƙwasa, tana ɗaukar nata kason. Idan kebul ya tsinke, ma'aikata sukan yi amfani da na'urar OTDR, wadda ke tura haske ta auna abin da ya komo, ta faɗi nisan wurin da ya tsinke. Amma gyaran yakan buƙaci a dasa sabon gutsure, wato sababbin mahaɗai biyu a kan kowane zare. Hanyar da aka tsinka sau hamsin ba za ta taɓa komawa yadda take ba. Za ta ci gaba da aiki, amma a raunane, har ranar da kasafin hasken zai ƙare. Wannan ya sa sayen kayan haɗi marasa inganci don rage kuɗin kwangila asara ce da aka jinkirta. Hausawa sun ce araha ba ta ado.

4.0 Teku a Cike, Tudu da Ƙishirwa

A bakin teku, Nijeriya ba ta cikin rashi. SAT-3 ya fara aiki a 2002 ƙarƙashin kulawar NITEL. A 2010 MainOne, wanda Funke Opeke ta jagoranci kafawa, ya haɗa Fotugal da Legas a tazarar kimanin kilomita 7,000, kuma a shekarar ce Glo-1 ya fara aiki. WACS da ACE suka biyo baya a 2012. A 2022 Equiano na kamfanin Google ya sauka Legas da ƙarfin ɗaukar terabit 144 a daƙiƙa, sannan a 2024 2Africa, mai tsawon kimanin kilomita 45,000, ya sauka a Legas da kuma jihar Akwa Ibom. Abin da ake amfani da shi daga cikin wannan ƙarfi bai kai abin da ke kwance ba a taɓa ba.

Matsalar tana farawa ne daga inda kebul ya hau tudu. An daɗe ana kokawa a tarukan masana sadarwa cewa ɗauko bayanai daga Landan zuwa Legas ya fi araha a kan kai su daga Legas zuwa biranen cikin ƙasa. Tsarin Ƙasa na Intanet Mai Sauri na 2020 zuwa 2025 ya ɗauki alkawarin kai yaɗuwar irin wannan intanet zuwa kashi 70 cikin ɗari, da saurin megabit 25 a birane da 10 a karkara. Har ƙarshen 2024 alƙaluman Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, wato NCC, ba su kai kashi 50 ba. Da yawa daga cikin ƙarafan sabis, musamman a karkara, ba a jone suke da zaren gilashi ba, da igiyar rediyo suke miƙa wa juna saƙo daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Shi ya sa waya takan nuna sabis a cike, amma shafi ya ƙi buɗuwa: ƙofar gida a buɗe take, hanyar da ke bayanta ce ƙunƙuntacciya.

Jami'o'i ba su tsira daga wannan ba. A 2014 aka ƙaddamar da NgREN, hanyar sadarwar bincike da ilimi wadda ta fara da haɗa jami'o'in tarayya 27. Duk da haka, manazarci a Sakkwato ko Maiduguri da ke son sauke hotunan rubuce-rubucen ajami daga wata taska a ƙetare, ko gabatar da maƙala a taron da ake yi ta intanet, ya san cewa nasararsa ta rataya ne a kan lafiyar wani zare da ya ratso jihohi shida ko bakwai kafin ya iso gare shi. Duk ƙarin kilomita ƙarin haɗari ne na tsinkewa, kuma ƙarin kuɗi ne da a ƙarshe mai saye zai biya.

5.0 Rami

Bisa alƙaluman da NCC ta bayar, an tsinka zaren gilashi fiye da sau 50,000 a Nijeriya cikin shekarar 2024, kuma kimanin 30,000 daga ciki aikin gina hanyoyi ne na tarayya da na jihohi ya jawo su. Ke nan a kowace rana ta Allah ana tsinka shi fiye da sau ɗari. Tsinkewar teku ta watan Maris ta cika kafafen yaɗa labarai domin ta zo a lokaci guda. Ta tudu kuwa kullum ake yin ta, shi ya sa ta zama jiki.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Wani kebul ɗin an binne shi sama-sama, ba tare da bututun kariya ba, ba tare da ƙyallen gargaɗi a samansa ba, ba tare da turakun alama a gefen hanya ba. Direban katafila bai san abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba, ɗan kwangilar da ya ɗauke shi aiki ma ba shi da taswira. Akwai kuma ɓarayi da ke tono kebul da zaton akwai jan ƙarfe a ciki, su ƙone shi su tarar da gilashi da roba, sun jefa gari cikin duhun sadarwa ba su sami ko sisi ba. A 2024 Shugaban Ƙasa ya sanya hannu a kan umarnin da ya ayyana kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa da doka ta kare. Mataki ne mai kyau, amma hukunci yana zuwa ne bayan ɓarna. Abin da zai hana ɓarnar shi ne zurfin rami, da bututu, da taswira guda da ma'aikatar ayyuka da kamfanonin sadarwa za su riƙa dubawa tare kafin a kafa diga.

Sai batun kuɗin izinin ratsa hanya da jihohi suke karɓa. Tun 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da naira 145 a kan kowace mita, amma jihohi da dama suka ci gaba da karɓar dubbai. A 2020 jihar Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna ta yafe kuɗin ɗungurungum, Kwara ta mayar da shi naira ɗaya a kan kilomita. Lissafin a fili yake. A kan naira 145, izinin kilomita 100 zai ci naira miliyan 14 da rabi. A kan naira 4,500 kuwa zai ci miliyan 450, tun ba a sayi ko mita ɗaya ta kebul ba. Kamfanin da aka ɗora wa wannan nauyi ɗayan biyu zai yi: ko ya kauce wa jihar, ko ya rage zurfin rami da ingancin kaya don ya cike giɓin. Jihar da ta dage kan wannan haraji ta ci na yau ne ta hana kanta na gobe.

Haƙa da binnewa su ne suke lashe kaso mafi tsoka na kuɗin shimfiɗa zare. Saboda haka hikima ita ce a haƙa sau ɗaya. Duk hanyar da za a gina ko a sabunta, a sa bututu fanko a gefenta tun ana aikin, tare da ramukan dubawa a tazara-tazara, kowane kamfani ya zo ya zura kebul ɗinsa ya biya haya. Tun ran gini ran zane. Arewa tana da manyan ayyuka da suka dace da wannan tsari: hanyar Abuja zuwa Kaduna zuwa Kano, bututun iskar gas na Ajakuta zuwa Kaduna zuwa Kano mai tsawon kilomita 614, da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi. Akwai kuma manyan layukan wutar lantarki, waɗanda ake iya saka zare cikin wayar da ke can ƙololuwarsu, inda katafila ba ta kaiwa.

6.0 Hanya ta Biyu

Ko an kyautata rami, wata rana zai tsinke. Ambaliya za ta ci gada, zaizayar ƙasa za ta tone bututu. Maganin da injiniyoyi suka sani shi ne a shimfiɗa layi a siffar zobe, ta yadda kowane gari zai sami hanyoyi biyu da ba su bi gefen titi ɗaya ba. Idan ta gabas ta yanke, saƙo ya juya ta yamma cikin ƙiftawar ido. Kebul biyu a rami ɗaya hanya ɗaya ce, domin haƙori ɗaya na katafila ya ishe su. Darasin watan Maris na 2024 ke nan: kebul huɗu ne, amma sun bi ta wuri ɗaya a ƙasan teku, sai ƙaddara ɗaya ta haɗa su.

A nan tarihi yana da abin cewa. Ƙarnuka da dama Kano da Katsina suna fuskantar arewa ne, ayari yana fita ta Agadas ya ratsa Sahara zuwa gaɓar Bahar Rum. Isowar layin dogo Kano a 1911 ita ce ta juya fuskar kasuwancin zuwa kudu, kuma zaren gilashi ya bi sawun dogo. Amma akwai aikin babban layin zare mai ratsa Sahara, wanda Bankin Raya Afirka yake tallafawa, domin haɗa Aljeriya da Nijar da Cadi da Nijeriya. A ɓangaren Nijar akwai reshen da ya tashi daga Arlit zuwa Assamaka a iyakar Aljeriya, da wanda ya tashi daga Damagaram ta Magarya zuwa iyakar Nijeriya. Idan aka jona wannan da layukan Kano da Katsina da Jigawa, Arewa za ta sami ƙofa ta biyu zuwa Turai wadda ba ta bi ta Tekun Atilantika ba, Nijar kuma, da ba ta da gaɓar teku, za ta ƙara samun mafita ta kudu. Bugu da ƙari, ƙarfafa cibiyar musayar intanet da rumbunan ajiyar bayanai a Kano zai sa saƙon da ya tashi daga Fagge zuwa Zariya ya daina zagayawa ta Legas kafin ya isa.

7.0 Hannun Ma'aikaci

Kilomita 90,000 na nufin dubban akwatunan mahaɗa da walda bila adadin, kuma kowace ɗaya hannun mutum ne zai yi ta, a tsugune a gefen titi, cikin rana ko ƙura. Bayan an gama shimfiɗawa kuma, aikin kulawa ba ya ƙarewa. Tsawon lokacin da gari zai yi babu sabis ya danganta ne da nisan da ke tsakanin wurin tsinkewar da ma'aikaci mafi kusa mai na'urar walda. Idan sai an taso shi daga Abuja zuwa wani ƙauye a Yobe, gyaran awa uku zai zama na kwana biyu.

Wannan sana'a ba ta buƙatar digiri. Tana buƙatar horo na 'yan watanni, da natsuwa, da tsabta, da kayan aiki. Matasan da suka iya kwance wayar hannu su sauya mata ƙananan sassa a kasuwar Farm Centre ta Kano sun riga sun mallaki irin hannun da ake nema. Ya kamata kwalejojin kimiyya da fasaha da makarantun koyon sana'a na jihohin Arewa su buɗe kwasa-kwasan walda da gwajin zare, da takardar shaida da kamfanoni za su yarda da ita, kuma a sa sharaɗi cikin kwangilolin shirin cewa a horar da 'yan yankin da layin ya ratsa. Akwai fa'ida ta biyu a nan. Al'ummar da ɗanta yake cin abinci daga kula da kebul ba za ta zuba ido a tone shi ba. Kuma da yake da yawa daga cikin masu koyon da masu haƙan da Hausa suka fi fahimta, rubuta littafin horo da allunan gargaɗi da Hausa, da bayyana wa jama'a ta rediyo cewa babu jan ƙarfe a cikin wannan kebul, aiki ne da ke jiran masana harshe su haɗa hannu da injiniyoyi.

8.0 Hujjojin Masu Saɓani

Wasu za su ce zamanin haƙa rami ya wuce, tunda Starlink ya fara aiki a Nijeriya a watan Janairun 2023, yana kawo intanet daga tauraron ɗan'adam kai tsaye. Gaskiya ne yana da amfani ƙwarai ga asibiti ko makaranta a wurin da zare ba zai kai ba nan kusa. Amma kuɗin na'urarsa da na wata-wata sun fi ƙarfin talaka, kuma ƙarfin da tauraro yake da shi a kan yanki ɗaya rabawa ake yi tsakanin masu amfani, don haka birni mai miliyoyin mutane ya fi ƙarfinsa. Su kansu taurarin a tashoshin ƙasa suke sauke saƙo, tashoshin kuma da zaren gilashi aka jona su.

Wasu kuma za su ce yankin da ke fama da rashin tsaro da rashin lantarki da yunwa yana da abin da ya fi zare muhimmanci. Wannan hujja tana da nauyi, kuma babu mai cewa zare zai maye gurbin abinci. Sai dai albashi da tallafin gwamnati da rajistar jarrabawar JAMB da cinikin hatsi a Dawanau duk sun koma bin wannan hanya, ko an so ko an ƙi. Rashin tsaron ma hujja ce ta a kyautata binnewa tun farko, domin layin da ke cikin daji mai haɗari ba kullum ake samun mai zuwa gyaransa ba. Kuma abin da ake nema daga jihohi, wato rage haraji da tilasta sa bututu da ajiye taswira, bai kai kuɗin gadar sama guda ɗaya ba.

9.0 Kammalawa

Kimiyya ta gama nata aikin tun shekaru hamsin da suka wuce, ta samar da gilashin da haske zai yi tafiyar kilomita da dama a cikinsa bai dushe ba. Abin da ya rage aikin hukuma ne da na ma'aikaci. Idan aka zo bayar da rahoton shirin kilomita 90,000, bai kamata majalisun jihohi da jami'o'i da 'yan jarida su gamsu da jin adadin da aka shimfiɗa ba. Ya kamata su tambaya: kilomita nawa ne ke cikin bututu, kuma a wane zurfi? Hedikwatocin ƙananan hukumomi nawa ne suke da hanyoyi biyu mabambanta? Sau nawa layin ya tsinke a shekara, kuma awa nawa gyara yake ɗauka? Matasa nawa aka horar a kowace jiha? Nawa ake sayar da megabit ɗaya a Gusau idan aka kwatanta da Ikeja? Amsoshin waɗannan tambayoyi su ne za su nuna ko an gina abin da zai yi shekara talatin yana aiki, ko kuwa an binne dala biliyan 2 ne a inda katafilar baɗi za ta tono ta.